Shirun Zakkur

Ni Hamutal ungozoma ba a san ni da shiga sharo ba shanu ba, amma abin da aka yi wa Abital a gidan da ke jikin katangata, in na haɗiye shi, shi zai zama ajalina. Ni na yanke wa mijinta Zakkur cibiya, ni kuma na karɓi haihuwar 'ya'yanta biyu, Shallum da ƙanwarsa Zibiya. Wanda zai ce ban san gidan ba, sai ya fara nemo wanda ya riga ni shigarsa.

Abin ya faro ne ranar da mutanen sarki suka hau tudun garinmu, bayan girbin sha'ir, suna ɗibar samari zuwa aikin ganuwa can kudancin Yahuda, bakin hamada. Suka tasa Shallum a gaba, yaron da ko gemu bai fara ba. Abital ta bi su da kuka har bayan rijiya, ta dawo ba mayafi, ƙafafunta duk ƙaya. Ta tarar da Zakkur zaune a tsakar gida tare da wasu fataken mai su biyu daga Urushalima, ana ta tsoma gurasa a miyar wake.

"Au, ci kake yi?" in ji ta. "Mazan kirki sun kai nasu kogo sun ɓoye, kai kuwa har ɗaki ka nuna musu!"

Zakkur bai ko ɗago ba. Ya ce, "Uwar Shallum, shiga ciki. Ina da baƙi."

Ba ta shiga ba. Ta ɗaga hannuwanta sama, ta ce, "Ubangiji Allah na Isra'ila, kai ne shaidata. Na yi bakance, duk abin da ya taɓa wuta ba zai shiga bakina ba, haka mai, haka nono, sai ranar da na ga fuskar Shallum a ƙofar gidan nan."

Ina kan soron ɗakina ina shanya, na ji kowace kalma. Sai na ba kaina haƙuri, don kowa ya san doka, har yaran da ke bin awaki. Mace in ta yi bakance, maigidan da take ƙarƙashinsa, uba ne ko miji, yana da yinin da ya ji. In ya ce "na warware" kafin rana ta faɗi, magana ta tashi, Ubangiji ba zai bi ta da komai ba. In kuwa ya yi shiru har rana ta faɗi, bakance ya zauna daram. Mazan garinmu sun saba da abin kamar gaisuwa. Marigayi mijina ya warware mini bakance ya fi gashin gemunsa yawa, wani ma bakinsa cike da abinci ya faɗa, ko kallona bai yi ba.

Baƙi suka tafi, ban ji komai ba. Inuwa ta miƙe, ban ji komai ba. Sai na sauko, na zagaya, na sami Zakkur a bakin turken tumaki yana gyaran igiya.

Na ce, "Zakkur, rana ta yi sanyi. Buɗe baki ka warware wa yarinyar nan."

"Wace yarinya, Inna? Matar da ta wanke ni tas a gaban baƙi?"

"Zafin ɗa ne. Ba ta san abin da take faɗi ba."

"To ai shi ke nan, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Bari ta ɗan kwana biyu tana tauna ɗanyen hatsi, ta tuna gidan nan da mai shi. Kafin zaitun ya nuna yaro ya dawo, ta ci abin da ta ga dama."

"In bai dawo ba fa?"

"Haba Inna, bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Na roƙe shi, na zage shi, na tuna masa da hannun nan nawa na share masa majina. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Ina tsaye ina kallo rana ta sauka bayan gonakin inabi, shi kuwa yana duba kofaton wata tunkiya da lafiyarta ƙalau. Da jan ya ɓace daga sama ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce mini in gaida gida.

Watannin farko abin bai nuna ba. Lokacin ɓaure ne da inabi, Abital tana ci tana ƙorawa da ruwa, ta jiƙa sha'ir ya kwana ta tauna. Ta ɗan faɗa, amma tana tafiya da ƙafarta. Aikin gida kuwa ko ɗaya ba a rage mata ba. Ita ke niƙa, ita ke kwaɓa, ita ke liƙa gurasa a tanderu, ta ciro ta da zafinta ta jera a gaban mijinta, ba halin ta lashi ko yatsa. Zibiya ke ɗanɗana mata miya. Ran da yarinyar ta tafi rijiya aka yi rashin sa'a, ina jin Zakkur ta kan katanga yana faɗa wai miya ba gishiri.

A ƙofar gari kuma, inda dattawa ke zama, sai ya mai da abin ado. "Matata tun girbi dafaffe bai shiga bakinta ba," haka yake cewa, yana shafa gemu, kai ka ce cikinsa ne ke kuka. Maza suna jinjina kai, suna komawa gida suna yi wa matansu gori da ita.

Zaitun ya nuna, samari suka fara dawowa, baƙi ƙirin, ƙafa a tsage. Abital ta koma zama a ƙofar gida tun safe. Ta ƙirga 'ya'yan mutane kaf, nata babu. Ɗan maƙeri ne ya zo ya tsuguna a gabanta, kansa a ƙasa, ya ce zazzaɓi ya kama Shallum tun tsakiyar zafi, da hannunsa ya taya tona ramin, sun jera duwatsu a kai saboda kuraye.

Aka yi kuka, aka keta riguna, aka zauna a ƙasa. Maƙwabta suka kawo abincin makoki kamar yadda aka saba, gurasa da wake. Na ajiye ƙwarya a gaban Abital. Ta miƙa hannu ba ta sani ba, har yatsunta sun taɓa gurasar, sai ta janye kamar ta taɓa garwashi. Ta dube ni, na dube ta. A lokacin ne ni da ita muka gane cewa fuskar da ta rataya cikinta a kai tana ƙarƙashin duwatsu, ba kuma za ta zo ƙofar gidan nan ba har abada.

Da aka tashi daga zaman makoki na ja Zakkur har gaban firist Ahitub, mai fassara mana dokar Ubangiji, a ƙofar gari. Tsohon ya saurara, ya daɗe yana murza sandarsa.

Ya ce, "Bakance ya zauna, tunda ka ji ka yi shiru. Mutuwar yaron ba ta ɗage shi ba, ita ta ce sai ta ga fuska. Amma ƙofa ɗaya ta rage. Ko yau ka ce ka warware, ta kuɓuta, ta ci abin da take so. Sai dai alhakin karya bakancen ya tashi daga kanta ya koma kanka."

Zakkur ya gyara zama. "Wane irin alhaki ke nan, Baba firist?"

"Wannan tsakaninka ne da Ubangiji. Yana iya sauka a jiki, yana iya sauka a gona ko a garke, yana iya kuma yi maka jinƙai. Ba ni ke rabawa ba."

Na ce, "To ka ji. Faɗi mu tafi, in je in dama mata kunu."

Ya ce, "Inna, ba a yin irin wannan da gaggawa. Bari in yi tunani."

Tunanin nan shi ya cinye Abital. Da farko cewa ya yi a bari a gama matsar mai, don in alhaki ya sauka a kan zaitun, me gidan zai ci, ita kanta me za ta ci in an warware mata? Aka gama matsa, tuluna suka cika har aka ari na maƙwabta. Sai ya ce a bari ruwan farko ya sauka, kada a ce shi ya riƙe wa gari sama. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Sai ya ce tumaki duk da ciki, ba mai hankalin da zai jawo fushin Ubangiji a kan garke a irin wannan lokaci. Kullum da maganarsa, kuma kowacce in ka ji ta ita kaɗai sai ka ce mutumin nan yana da hangen nesa.

Kafin nan ɗanyen ɓaure ya ƙare, inabi ya ƙare. Sai busasshen ɓaure da jiƙaƙƙen sha'ir, shi kuwa yadda ya shiga haka yake fita. Na je na tambayi dattawa ko za ta iya cin 'ya'yan zaitun, ko ta sha ruwan ɗumi saboda sanyi. Suka yini guda cur suna gardama a kai, wannan ya kawo hujja wancan ya ture. Da yamma suka yanke cewa zaitun uwar mai ce, ba halin ci, ruwan ɗumi kuma ya taɓa wuta, sai dai wanda rana ta ɗumama. A tsakiyar hunturu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wace ranar? A duk yinin nan ba wanda ya juya ya ce wa Zakkur ko kanzil, alhali yana zaune a cikinsu, har shi ma ya sa baki a maganar ruwan ɗumin.

Wata safiya na shiga ɗakin Abital da ƙwaryar kunu a ƙarƙashin mayafi. Tana kwance a kan tabarma, wuyanta ya zama kamar sillen kara, ƙafafu kuwa sun kumbura.

Na ce, "Tashi ki sha. Ba wanda ya gan ni. In akwai alhaki na ɗauka, ni tsohuwa ce, me ya rage mini?"

Ta lumshe ido tana shaƙar tururin, hawaye na bin gefen fuskarta. Ta ce, "Inna, ke ba mijina ba ce, ɗaukarki ba ta ɗauka. In na karya da kaina, a kan wa zai sauka? Zibiya kaɗai ta rage mini. Na ga yadda ɗaya ya tafi. Fitar da shi, don Allah, ƙamshin yana yanka mini ciki."

Na fita da kununa na zuba wa kare, na zauna a bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko ranar da na binne mijina.

Sau ɗaya ta roƙi Zakkur da bakinta, a gabana. Ta sa Zibiya ta riƙe ta har tsakar gida, ta durƙusa a gabansa yana cin abincin rana.

Ta ce, "Maigida, na yi maka laifi gaban baƙi. Ka yafe mini."

"Wannan ai ya wuce tuntuni, Uwar Shallum. Ni ban riƙe ki da komai ba."

"To ka warware mini. Ba nama nake so ba. Kunu kawai, ko rabin ludayi, in ji ɗumi a cikina."

Ya ajiye gurasar hannunsa, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kina gani kamar ba na ji ne? Amma duba, ni kaɗai ne namijin da ya rage a gidan nan. In wani abu ya same ni, ke da yarinyar nan ina za ku? Kuma ni na sa ki? Magana zarar bunu ce, ke kika zaro abarki. Ki ƙara haƙuri, tumaki su sauka lafiya, sai mu ga abin da Ubangiji zai yi."

Na ce, "Tir! Zakkur, da na san abin da nake yanke wa cibiya ke nan, da na bar wa wata aikin."

Ya ce, "Inna, ke bakinki ba ya tsufa." Ya ɗauki gurasarsa ya ci gaba.

Washegari ya sayo mata zuma kaɗan a ɗan kasko, ya bi gida gida yana nuna wa mutane kafin ya kai mata. Ta lasa, cikinta ya ƙi riƙewa. Daga nan ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba. Gashinta ya riƙa zuba a kan matashi, dasashinta na jini, ga tari. Zibiya, yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha biyar ba, ita ke niƙa, ita ke toya, ita ke juya uwarta, ta kwanta a bayanta don ta ba ta ɗumin jiki. Matan gari suna zuwa dubiya, su tsaya a bakin ƙofa su ce, "Kai, wannan baiwar Allah akwai riƙon alkawari," su fita. Wata har ta kawo jaririnta wai Abital ta shafa masa kai ya sami albarka.

Tumaki suka fara haihuwa, yawanci tagwaye, ko ɗaya bai faɗi ba. Zakkur ya leƙo ta kan katanga fuskarsa fal murna. Ya ce, "Kin gani, Inna? Da Ubangiji yana fushi da shirun da na yi, zai ba ni wannan?"

Na ce, "To sun sauka lafiya. Saura alkawarinka."

"Bari su ɗan yi ƙwari. Kin san jariran tumaki da sanyi."

Ranar da abin ya ƙare hantsi ne, ruwa ya ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Na buɗe ƙofar ɗakin Abital don haske ya shiga, ina zaune kusa da kanta ina jiƙa mata leɓe da tsumma. Sai na ga Zibiya ta fito daga turke rungume da wata 'yar tunkiya fara sol, ba tabo ko ɗaya, wadda duk garken babu kamarta. Ta tsaya a tsakiyar gida, ta ɗaga ta sama iya ƙarfinta, tana kuka.

Ta ce, "Ubangiji, na yi bakance, in ka tashi uwata, wannan 'yar tunkiya da duk abin da za ta haifa na Haikalinka ne, ba za a..."

"Na warware!"

Zakkur ne, daga cikin turke, da ciyawa a hannu. Ya fito da sauri har yana tuntuɓe da akurki. "Na warware, na warware! Inna, kin ji ko? Ki zama shaida, rana ko tsaka ba ta kai ba. Ke kuma ajiye ta, shashasha. Uwar garke za ta zama, kin san abin da kike bayarwa kuwa?"

Ya karɓe 'yar tunkiyar daga hannun yarinyar, ya duba ƙafafunta ko ta ji ciwo. Sai da ya juyo ya ga ƙofar ɗaki a buɗe, ya ga idon matarsa a kansa. Ya tsaya, bakinsa ya motsa. Na rantse da Ubangiji na ɗauka zai faɗa, har na fara miƙewa in hura wuta. Ya sunkuyar da kai ya koma turke da abarsa.

Abital ta juyo da idonta gare ni. Can ta ce, da muryar da sai na kai kunne, "Inna, ashe kalmar ba ta da nauyi a bakinsa." Ta ce in juya ta ta fuskanci bango. Na juya ta, ba ta kai nauyin tulun da babu ruwa ba. Kafin Asabar ta shigo Abital ta cika.

A wurin binnewa Zakkur ya keta rigarsa har ƙasa, ya zuba toka a ka, kukansa ya fi na kowa. Firist Ahitub ya yabi mamaciyar, ya ce irinta ake nema a Isra'ila, macen da ta cika abin da bakinta ya furta. Na tare shi a hanya na ce, "Shi fa mijin?" Ya ce doka ta ba miji zaɓi, ba ta tilasta masa ba, saboda haka ba shi da laifin da za a kama shi da shi. Da yamma maƙwabta suka kai abincin makoki, gurasa mai zafi da wake da mai a kai. Zibiya ta ƙi taɓawa. Zakkur ya ci, don an ce masa mai rai sai da abinci. Ni ban kai ba, kuma ban shiga gaisuwa ba, duk wanda ya ga rashin kyautawata ya gani.

Na tsufa ina jin ana cewa baki shi ke yanka wuya, kuma kullum mace ake nuna wa da yatsa in an faɗa. To ni na ga wuyan da rufe baki ya yanka. An ba namiji wannan iko ne don ranar da baƙin ciki ya ja harshen matarsa, a sami mai tare ta kafin ta faɗa rami. Zakkur yana tsaye a bakin ramin tun girbi har hunturu, igiya a hannunsa, yana tsoron kada ta goge masa tafin hannu. Har yau yana zama a ƙofar gari cikin dattawa, in an kawo maganar bakance ma shi ake tambaya, wai ya san abin a gidansa.

Zibiya tana nan tana yi masa girki. Tun ranar ba ta ƙara furta wata magana inda kunnensa zai ji ba, ko addu'a za ta yi sai ta zagayo gidana ta rufe ƙofa. 'Yar tunkiyar kuwa ta girma ta yi ƙiba, bana ma tagwaye ta haifa.